SIRIRIN BAYAN GIDA DA CIWON DAJIN HANJI

Bayan gida ba abin da a ke son ambata a gaban manya ba ne. Amma kunyar ambatonsa ta sa mutane da yawa sun yi jinkirin zuwa asibiti har magani ya gagara. Saboda haka ya kamata Hakimai da malamansu su san wannan bayani, su kuma sanad da talakawa.

1. Asalin ciwon

Babban hanji tsawonsa wajen ƙafa biyar ne, a cikinsa ne ragowar abinci ke tsanewa ta zama bayan gida. Wani lokaci ɗan tsiro kan fito a jikinsa daga ciki. Yawancin irin wannan tsiro ba shi da lahani, amma wani kan rikiɗa sannu a hankali, cikin shekaru da dama, ya zama ciwon daji. In ya girma kusa da dubura sai ya matse hanya, bayan gida ya riƙa fitowa siriri kamar alƙalami. Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 mutum fiye da 1,900,000 suka kamu da wannan ciwo a duniya, fiye da 900,000 suka rasu.

2. Kada a firgita

Siririn bayan gida shi kaɗai ba shaida ba ne. Taurin ciki da basir da ƙarancin ganye a abinci duk sukan kawo shi. In ya zo kwana ɗaya ko biyu ya wuce, galibi ba kome.

3. Alamun da ba a jira da su

(a) Sirantar ta dawwama har mako uku.
(b) Jini a bayan gida, ja ko baƙi.
(c) Zawo ko taurin ciki da mutum bai saba da shi ba, ya kuma ƙi wucewa.
(d) Mutum ya gama ya ji kamar da saura.
(e) Rama ba dalili, da kasala, da ƙarancin jini.

Ciwon ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, da waɗanda aka taɓa samunsa a danginsu. Duk da haka yana kama masu ƙarancin shekaru.

4. Ba kowane jini ne basir ba

A nan ne babban haɗarin ya ke. Mutum ya ga jini ya ce basir ne, ya shekara yana shan jiƙo, ciwon kuwa yana yaɗuwa zuwa hanta. Likita ne kaɗai zai iya bambantawa. Yakan duba dubura, ya sa a auna bayan gida. In da hali sai a aika da mutum babban asibiti, inda a ke zura siririn bututu mai fitila a ga cikin hanji. In tsiron ƙarami ne akan cire shi nan take. Ciwon da aka tarar da wuri, yawanci aikin likita kan warkad da shi.

5. Abin da a ke roƙon Hakimai

Su tara Dagatai da masu unguwanni a karanta musu alamun nan biyar. Su umurci magidanta kada su hana matansu zuwa asibiti. Su gargaɗi jama'a su yawaita cin wake da zogale da rama da hatsin da ba a surfe ƙwarai ba, su guji taba da giya. Wanda kuma ya ji nauyin faɗa wa likita, a tuna masa cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.