Layin ƙarshe na allo ba shi ne mai laifi ba

Bayan girbin bara aka sauko mini da wata saba daga Tanut zuwa Damagaram, naɗe cikin bargo a bayan mota. Ta wata ƙungiyar manoma ce mai riƙe da lissafin bankunan cimaka na ƙauyukan Falanko: wa ya ranci tiya nawa ta gero da damina, wa ya biya, wa ake bi. Tsohuwar na'ura ce mai furosesa biyu, kowace da ƙwaƙwalwa huɗu, Debian a kanta. Ciwonta shi ne tana tsaka da aiki sai ta sandare, allo ya cika da rubutu. Ma'aji ya kashe ya kunna, a ci gaba. Rubutun kuwa ba mai karantawa.

Da abin ya ishe su suka kira wani mai gyara. Ya leƙa ƙasan allo, ya ga ext4, ya ce diski ne. Ya shafe shi tas, ya ɗora sabon Debian, ya karɓi kuɗinsa. Bai kwafe ko fayil ɗaya ba. Sannan ya mayar da direban ƴar sandar Wi-Fi da ya tsinto a intanet, wanda shi ya sa musu tun farko. Mako bai zagayo ba ta sake faɗuwa. Sai ya ce to RAM ce, ya sayar musu da wata.

Na ce wa ma'aji, "Malam, ina kwafin lissafin?" Ya ce, "Wallahi injiniya, ce mana ya yi komai na nan ciki." Na rasa abin cewa.

Abin da ya cece mu hotuna biyu ne da yaron ofis ya ɗauka da waya, hasken filasha ya cinye rabin allon. A na farko, CPU 5 ce ta mutu cikin ext4. A na biyu, CPU 2 ce, cikin harkar sadarwa. Wuri daban, ƙwaƙwalwa daban, amma duka biyun layin Tainted na ɗauke da O da E, alamar an cusa wa kanel direba daga waje. Wanda ya san aikin ya san ba nan gizo ke saƙa ba. A na'ura mai ƙwaƙwalwa takwas, wadda ta yi ihu ta tsayar da sauran sau da yawa tuntuɓe kawai ta yi da ɓarnar da wata ta yi tun ɗazu.

Memtest86+ ya kwana yana zagaye, bai ga komai ba. Ba alamar MCE. SMART lafiya lau, wato diskin da aka shafe ƙalau yake. Na tashe ta da maxcpus=1, na loda mata aiki, ko gezau. Na sake mata ƙwaƙwalwa takwas, na kunna kdump da slub_debug, na yi ta tura manyan fayiloli ta Wi-Fi har ta faɗi. Cikin vmcore, bt -a ya nuna inda kowace take a wannan daƙiƙar, kanel kuma ya kama direban yana rubutu a gurbin da wata ƙwaƙwalwar ta riga ta saki. Ba kulle tsakaninsu. Na cire direban, na ce su ja waya daga ruta. Shi ke nan gyaran.

Lissafin ne bai dawo ba. An ɗora sabon tsari a kansa, an yi ta rubutu, ɗan abin da na tono bai kai a dogara da shi ba. Sai da suka koma tsofaffin littattafai da ƴan takardun da mata ke ƙullewa a bakin zane. Wadda ta biya ta yar da takardarta kuwa, sai rantsuwa.

To ku ji. Ba a shafe diski saboda kanel ya faɗi. Ka shafe, ka shafe shaida, ka shafe dukiyar mutane. In allo ya cika da rubutu, ku ɗauki hoto daga sama har ƙasa kafin ku taɓa makunni, saman ya fi ƙasan amfani. Mai gyaran da bai tambaye ku me aka ƙara kwanan nan ba, ku raka shi bakin ƙofa. A hure wa na'ura ƙura, wannan Damargu ce, ƙasar Tanut. Masu Windows, ku bar share jakar Minidump da sunan neman wuri.

Ƴan uwana masu sana'a, duk sabar da za ka bari a ƙauye, kunna mata kdump, ka gwada ka ga ya rubuta kafin ka hau mota. Kuma ku daina cusa wa kanel direban da ba ku san asalinsa ba. Ran 19 ga Yulin 2024 sabuntawar CrowdStrike guda ɗaya ta kifar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, har jirage suka kasa tashi. Su ke nan da tarin injiniyoyinsu, balle abin da ka tsinto a intanet.

Kwafi. Duk Juma'a, a kan diski biyu, ɗaya ya kwana a wani gida. Kuma in wani ya ce muku zai shafe diski, ku ce ya fara nuna muku kwafin a buɗe, da idonku.