Darasi: Ƙara wa Kwamfutar Tebur Ƙarfi

Mai karatu, idan kwamfutarka ta fara nawa, kada ka yi gaggawar sayar da ita. Sau da yawa RAM ne ya yi mata kaɗan, wato wurin da take ɗora aikin da ke hannu. Mai 4GB a ƙara mata zuwa 8GB ko 16GB. Amma a duba irin wanda take karɓa, domin DDR3 ba ya shiga ramin DDR4. In an tilasta, ɓarna za a yi.

Katin hoto kuwa, mai buga takardu ba ya bukatarsa, gara ya sa kuɗinsa a RAM. Na masu haɗa bidiyo ne da wasanni. Yana shan wuta, sai a tabbata akwatin wutar kwamfutar zai iya ɗaukarsa. Kafin a buɗe ta, a zare wayar lantarki.