Yadda Ake Haɗa wa Kaji Wurin Birgima Don Maganin Ƙuma da Ƙwarƙwata

Kaza ba da ruwa take wanka ba. Idan kika ga ta tona ɗan rami a gindin katanga, ta kwanta gefe ɗaya tana watsa ƙasa cikin fukafukanta, to wankanta ke nan. Ƙurar tana tsotse maiƙon jikinta, tana kuma busar da ƙwarin da suka maƙale mata. Da damina, ko a gidan da aka shafe da siminti, sai ta rasa inda za ta yi. A nan ne uwargida za ta sa hannu.

Kayan haɗi: yashi mai laushi kwano 2, busasshiyar turɓaya kwano 2, tokar itace kwano 1, dakakken busasshen ganyen darbejiya cikin tafi 2, sai tsohon daro ko tayar mota.

1. Ki tankaɗe tokar da rariya bayan ta kwana ta huce, don fitar da gawayi da ƙusa. Tokar murhu ta itace zalla ake so. Wadda aka ƙona leda, roba ko batir a cikinta guba ce.

2. Ki cakuɗa kayan, ki zuba a daron, zurfin ya kai kamar taƙi guda. Kada toka ta rinjayi ƙasa, domin tana shaƙe 'yan tsaki.

3. Ki ajiye a ƙarƙashin rumfa, inda hantsi ke leƙowa amma ruwan sama ba ya kaiwa. Kin san kaifin ruwan tokar da ake haɗa sabulun salo da shi. Haka jiƙaƙƙiyar toka ke cin fatar kaza. Da zarar haɗin ya jiƙe, ki zubar.

4. Ki riƙa tsince kashi da gashi, ki sabunta haɗin bayan mako 2 ko 3.

5. Duk mako ki duba kajin da tocila bayan magariba, lokacin da suke kamuwa ba guje-guje. Ki buɗa gashin ƙarƙashin fiffike da na kusa da dubura. Ƙwarƙwata za ki gan ta tana gudu, ƙwayayenta farare a dunƙule a gindin gashi. Baƙaƙen ɗigo a kan zanko da gefen ido kuwa ƙuma ce. Ki shafe su da basilin, amma kada ya shiga idon.

6. Ki koma kan akurki, don a nan yawancin masu kiwo ke yin sake. Kaskar kaji da wasu ƙananan jajayen ƙwari ba sa wuni a jikin kaza. Cikin tsagar bango suke ɓuya, sai dare ya yi su fito shan jini. Shi ya sa kaza mai kwanci take tashi ta bar ƙwanta. Ki share akurkin, ki ƙone tsohuwar shimfiɗa, ki liƙe tsagogin da laka, sannan ki barbaɗa toka a ƙasa da wurin kwanci.

Idan zanko ya yi fari, ƙwai ya ragu, birgima kaɗai ba za ta wadatar ba. Ki nemi malamin dabbobi ya ba ki hodar da aka yi don kaji, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10 saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Fiya-fiya da maganin feshin gona kuwa, kada su kusanci kazar da yaranki za su ci ƙwanta.