Allon taurari: yadda za a saba wa ƙaramin yaro kwanciya da wuri

 

Ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, duk wanda Malam ya taɓa ba shi tsaron ajin ƙanana da safe ya san wannan: yaro riƙe da allo yana gyangyaɗi, baki na motsi amma babu karatu. Sau da yawa ba lalaci ba ne, barci ne bai ishe shi ba. A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta bayyana cewa ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar awa 10 zuwa 13 a kwana guda, har da barcin rana, ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. To mu lissafa. Yaron da za a tasa ƙarfe 6 don karatun safe kafin lakwal, ya kamata ƙarfe 9 ta same shi yana barci. A nan Kwatano wajen ƙarfe 8 ake isha'i, kuma a gidajenmu na Agontinkon lokacin ne ma hira take daɗi: iyaye mata sun dawo daga kasuwa, tele a kunne, zafi ya koro kowa tsakar gida. Sai a koma ga tsawa, ko a ce Dodo na zuwa. Yaron da aka tsorata da duhu kuwa, ta yaya zai yi barci a cikinsa?

Ga wata dabara mai sauƙi. A yago takarda daga kaye, a ja layi na kwana bakwai, a manna ta kusa da shimfiɗar yaro daidai tsayinsa. A gefe a zana abubuwan da ake so ya yi, tunda bai iya karatu ba tukuna: buta, tafin hannu, gidan sauro. Buta ita ce ya zaga bayi ya yi alwala. Tafin hannu shi ne ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya tofa, ya shafe jikinsa, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito Annabi (SAW) yana yi. Gidan sauro shi ne ya shiga da kansa ya kwanta ta gefen dama. Uku sun isa. Kowanne ya yi, a miƙa masa bik ya zana tauraro da hannunsa nan take, ba sai gobe ba.

Inda ake yawan kuskure shi ne abin da ake ba wa tauraro. Ana bayarwa ne kan abin da yaro yake da iko a kansa. Alwala tana hannunsa, amma ɗaukewar barci ba ta hannunsa. Haka fitsarin kwance: kada a sa shi a allon sam, domin mai barci bai san ya yi ba, kuma ko babba shari'a ta ɗauke masa alƙalami har ya farka, balle yaro. Sannan tauraron da aka samu an samu, ba a goge shi don ya yi rashin ji da rana. Ranar da ya ƙi, a bar gurbin babu komai, a yi shiru.

Wani zai ce, ashe ba koya masa ibada don abin duniya ake yi ba? Tambaya ce mai kyau. Amma ya zo a Buhari da Muslim cewa sahabbai suna yi wa 'ya'yansu abin wasa na ulu ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi har a kai buɗa-baki. Imamu Gazali ma, a cikin Ihya'u, ya yi umarni da a yaba wa yaro a saka masa in ya yi abin kirki. Sabo ake ginawa yanzu, niyya za ta zo da hankali.

Sai dai ladan ya zama ƙarami. In ya tara taurari goma sha biyar a mako, tatsuniya ta musamman ta isa, ko Baba ya tafi da shi Juma'a babban masallacin Zongo, ko ƙosan dala biyar. Ni dai ban ga amfanin a ba shi salula a matsayin lada ba, ita ce ma take hana barcin. Bayan 'yan makonni, in ya fara ɗaukar buta ba a ce masa ba, a rage tauraron ya koma ɗaya a dare, daga baya a cire takardar a ba shi ya ajiye.