Arzikin Ƙasa da Tsawon Ran Mutanenta

Ajali dai na Allah ne, ba mai ja. Amma Ya sanya wa kowane abu sababi, sababin nan kuwa shi za mu duba.

In an ce tsawon ran mutanen Nijeriya shekara 54 ne, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023, ba a nufin kowa ya cika 54 sai ya kwanta dama. Matsakaici ne. Mu ɗauka an haifi yara goma a Kebbe, takwas suka kai shekara 70, biyu suka rasu suna da shekara 2. Tara shekarunsu duka, 564 ke nan. Raba gida goma, ka sami 56 da 'yan kai. Watau mutuwar yara ita ke karya lissafin. A binciken lafiya na 2018, cikin yara 1,000 na Nijeriya 132 ba su kai shekara 5 ba, a Jihar Sakkwato kuwa kusan 200.

To, talauci ne kaɗai ya jawo haka? Lalle mutanen ƙasa mai wadata sukan fi daɗewa, gama suna da abinci da ruwa mai kyau. Amma dubi Nijar, maƙwabciyarmu. In an raba arzikinta bisa kawunan mutanenta ba ta kai Nijeriya ba, ga shi kuwa tsawon rai can wajen shekara 61. Ta baza ƙananan ɗakunan magani cikin ƙauyuka, ta raba gidan sauro, sa'an nan a 2006 ta yafe kuɗin magani ga yaran da ba su kai shekara 5 ba. Mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009.

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su riƙa ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Fiye da kashi 70 na kuɗin jinya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fita, kuma a ganina nan ne cutar take. Zazzaɓin sauro ya fi tsanani a Agusta da Satumba, daidai lokacin da rumbun manomin Tambuwal ya yi ƙasa. In yaronsa ya kwanta, sai ya jira ran kasuwa ya sayar da akuya. Kwana ukun nan sun isa zazzaɓi ya shanye jinin yaro tun ba a kai shi asibiti ba.