Kuɗin Gwamnati da Ma'aunin Inganci a Jami'o'in Nijeriya

Ɗalibin da ya sami gurbin karatu a jami'a, abin da ya fi dubawa a takardarsa shi ne sunan jami'ar da sunan kwas ɗin da aka ba shi. Ba kasafai yake tambayar ko an tantance kwas ɗin ba, alhali kuwa darajar digirin da zai fita da shi a kan wannan ta rataya. Wannan darasi zai duba hukumar da ke yin tantancewar, da kuma hanyar da kuɗin gwamnati ke bi kafin ya zama littafi a laburare ko na'ura a ɗakin gwaje-gwaje.

A shekarar 1959 gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sir Eric Ashby don ya binciki buƙatun ƙasar na ilimi mai zurfi. Daga cikin shawarwarin rahotonsa na 1960 har da kafa wata hukuma da za ta tsaya tsakanin gwamnati da jami'o'i, irin wadda Ingila ke da ita a wancan zamani. Haka aka kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Da farko aikinta bai wuce ba da shawara ba. Sai a 1974 doka ta ba ta cikakken iko, kuma Farfesa Jibril Aminu ne ya fara riƙe muƙamin babban sakatarenta. Babban aikinta a lokacin shi ne ta karɓi kasafin kowace jami'a, ta karɓo kuɗi daga gwamnati, ta rarraba.

A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in da a da suke hannun jihohi, ta kuma shirya buɗe sababbi guda bakwai, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Kuɗin man fetur ne ya ɗauki nauyin wannan duka. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, sai darajar naira ta zube. Fannin kimiyya ne ya fi jin jiki, domin sinadarai da madubin ƙara girman abu da mujallun bincike duk daga waje ake sayo su. Malamai da dama suka kama hanyar ƙasashen waje. A cikin wannan hali ne Doka ta 16 ta 1985 ta ɗora wa NUC sabon nauyi, na tsara mafi ƙarancin ma'aunin da kowane kwas zai cika. An fitar da ma'aunan a 1989, aka fara zagayen tantancewa na farko a 1990.

Ga yadda aikin ke gudana. Sashen da za a tantance yakan fara cike kundin bayani a kan kansa. Daga nan NUC ta turo tawagar manyan malamai na wannan fanni daga wasu jami'o'i, su kwana biyu ko uku suna dubawa. Sukan duba manhaja, da yawan malamai da matsayinsu, da azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwaje, da laburare, har da tsofaffin takardun jarrabawa da rahoton mai duba jarrabawa na waje. Akwai ƙa'idar yawan ɗalibai ga kowane malami: 30 a fannin adabi, 20 a kimiyya, 10 a likitanci. Kwas ɗin da ya sami maki 70 cikin 100, kuma bai gaza a manyan ɓangarori ba, yakan sami cikakkiyar amincewa ta shekara 5. Wanda ya ɗan gaza sai a ba shi ta wucin gadi, ta shekara 2. Wanda aka hana kuwa, dole ya daina ɗaukar sababbin ɗalibai sai ya gyara. Kwalejojin fasaha suna da tasu hukumar, NBTE, wadda aka kafa a 1977 da mazauni a Kaduna, kwalejojin ilimi kuma suna da NCCE tun 1989.

Tsarin ya yi amfani, domin sau da yawa tsoron zuwan tawaga ne ke sa a gyara rufin ɗakin gwaji ko a ɗauki sababbin malamai. Amma yana da rauni da ma'aikatan jami'a ba su jahilta ba. Abin da ake iya ƙirgawa a 'yan kwanaki shi tawaga ke aunawa: kujeru, littattafai, takardun malamai. Sanannen ƙorafi ne cewa wasu sassa kan aro kayan aiki, wani lokaci har da malamai, su mayar bayan baƙi sun tafi. Kwalliyar ranar biki ke nan. Ko ɗalibin ya taɓa riƙe na'urar da hannunsa, wannan ba ya fitowa sosai a takardar maki. Ga kuma wani ƙulli: a jami'o'in tarayya, gwamnatin da ke aiko mai awo ita ce mai ba da kuɗin cika mudun. In sashe ya gaza don babu kayan aiki, hukuncin a kan sashen da ɗalibansa yake sauka.

Daga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 1992, lokacin shugabancin Dakta Attahiru Jega, aka sami wata mafita. Doka ta 7 ta 1993 ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Da fari har makarantun firamare da sakandare na cin moriyar asusun, sai kuɗin ya zama ɗigo a bakin mutane da yawa. Dokar 2011 ta mai da shi TETFund, ta keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati, na tarayya da na jihohi: kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. An ɗaga harajin zuwa 2.5 a 2021, sannan 3 a 2023, kafin dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da wasu haraji a wuri guda, inda asusun ke karɓar kasonsa. Kuɗin na gine-gine ne da kayan aiki da bincike da tura malamai ƙaro ilimi. Ba a biyan albashi da shi, kuma jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda aka fara ba lasisi a 1999, ba sa ciki.

Wani abin lura shi ne, babban kason shekara-shekara daidai wa daida ake raba shi, tsohuwar jami'a mai dubban ɗalibai da sabuwa mai 'yan ɗaruruwa duk abu ɗaya suke karɓa. Ke nan duk jami'ar gwamnati da ta shiga sahu, rabon saura ne ke raguwa. A watan Agusta na 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara 7, bisa hujjar cewa wasu daga cikin waɗanda ake da su ba su da isassun ɗalibai.