Idan Ciwon Zuciya Ya Tashi Farat Ɗaya

Da yawa a Ikara, Makarfi da Kudan suna ɗaukarsa olsa ce, a sayo maganin kemis a kwanta, ana cewa gobe da safe a je asibiti. Wannan jinkirin shi ke kisa. Jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, kuma naman zuciyar na ta mutuwa muddin ba a buɗe ta ba.

Mutum zai dafe ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa buhun masara, ciwon na tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, gumi na zuba, numfashi na sarƙewa. Mata da masu ciwon suga wani lokaci kasala da tashin zuciya kawai suke ji.

Ku zaunar da shi ya jingina. A ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, sai dai in jikinsa ba ya karɓarsa, ko yana zubar jini, ko bakinsa ya karkace. A nemi mota, kada ya hau babur. Addu'a a yi ta a hanya.

A babban asibitin Makarfi ko na Ikara, ku nemi gwajin zuciya na ECG. In babu, a wuce Asibitin Koyarwa na Shika. Allurar narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ta fi amfani a sa'o'in farko.

In ya faɗi ba numfashi, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti.

Jama'a, ku ajiye asfirin a gida da lambar direban unguwa tun yau.